Iddar da Inna Ba Ta Sani Ba

Daga ƙofar ɗakin Malam Dalhatu zuwa ƙofar ɗakin matarsa Zubaidatu taku tara ne. Kamila ce ta ƙirga, ba don tana son lissafi ba, don dai ita ce mai takawa. Wata rana sau goma, wata rana sau ashirin. Wata bakwai ke nan babanta da innarta ba su yi wa juna magana ba sai ta bakinta, alhali gidan nan nasu na Gwarzo in akuya ta yi atishawa a zaure sai an ji a bayan gida.

"Je ki gaya wa uwarki ruwan wankan nan kamar daga randa aka ɗebo shi."

Taku tara. Inna na kwance a tabarma, fuskarta na kallon bango.

"Inna, Baba ya ce sannu da jiki. Wai ko za a ɗan ƙara ɗumama ruwan."

"Ce masa itacen da ya saro ne ya ƙare."

Malam Dalhatu bai taɓa riƙe gatari ba tun da aka haife shi, Inna kuwa ta san haka. Taku tara.

"Baba, ta ce ka yi haƙuri, yanzu za a kawo."

Sai Kamila ta zagaya madafa ta hura kara, ta ɗumama ruwan da kanta. Aikinta ke nan. Ta karɓi magana da ƙaya a wannan ƙofa, kafin ta kai waccan ta cire ƙayar. Shekarunta sha biyu, tana aji shida, kuma ita ce 'yar fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba. Kunya ce irin ta mutanen da. Sai dai "ke", ko "yarinyar nan". Kamila ba ta damu ba. Ta san in an ce "ke" a gidan, ita ake nufi.

Malam Dalhatu shekara sha ɗaya ya yi yana akawu a wata masaƙa a Kano. Da masaƙar ta rufe, ya dawo gida da doguwar fanka wadda ba ta taɓa samun wutar da za ta juya ba, da baƙin fayil, da Turanci kamar kalma ashirin da yake barbaɗawa a magana. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce, gari ya ɗau zafi, mutane da yawa suka zama malamai cikin sati biyu. Shi ma ya saki gemu, ya ɗage wando, ya tara abokansa uku marasa aikin yi irinsa suka kafa Kwamitin Sulhunta Ma'aurata. Ya naɗa kansa sakatare. Ya je aka sassaƙa masa hatimi mai hoton hannaye biyu suna musabaha. Ofishin kwamiti zauren gidansa ne, albashi kuwa sai a lahira. Yawancin masu shigowa zauren inuwa suke nema, amma duk wanda ya zauna sai an rubuta sunansa a rajista.

Abin da ya raba bakin gidan biyu shi ne Mahbub, autansu. Yana wata biyar zazzaɓi ya kama shi da amai, a ranar da babu ko ɗigon fetur a garin, 'yan acaɓa duk sun jingine babura suna hira. Malam Dalhatu ya tafi Kano tun safe neman a yi wa kwamiti rajista. Zubaidatu ta goya yaron ta kama hanyar asibiti da ƙafa. Kafin ta kai ƙofa ta ji goyon ya yi nauyi irin wanda ba na barci ba.

Da Malam Dalhatu ya dawo ya tarar da mutane a ƙofar gida, ya shiga ciki, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Da izinin wa kika fita?"

Ta dube shi ta ce, "In ka ga mijin da zan tambaya a gidan nan, nuna min shi."

Iyakar maganarsu ke nan. Daga ranar Inna ta kwanta. Ta daina kitso, ta daina ƙuli-ƙulin da take yi, wanka ma sai Kamila ta kai ruwa ta tsaya a kanta. Abinci kuwa ba ta ci sai Kamila ta zauna ta riƙe kwanon tana cewa, "Ɗaya kawai, Inna. To ƙara ɗaya." Maƙwabta suka ce aljani ne. Aka kawo mai ruƙiyya, ya yi karatu har muryarsa ta dushe, ya daka tsawa ya ce aljanin ya faɗi sunansa. Inna ta ce, "Malam, barci nake ji." Malam Dalhatu ya raka shi zaure ya gaya wa abokansa cewa shi dama ya san ba aljani ba ne. "Difireshan ne, ciwon damuwa. Infak a Kano na sha gani." Ya faɗi sunan ciwon ya gyara hula kamar wanda ya gama maganinsa. Asibiti dai bai kai ta ba, kada a ce matar sakatare ta taɓu.

Shi ma ɗin ba lafiya ce da shi ba, Kamila kaɗai ta lura. Kullum sai ya goge kaftani ɗaya da dutsen gugar gawayi, ya ɗau fayil ya fita da sauri kamar ana jiransa, ya je tasha ya tsaya ya dawo. Ta taɓa buɗe fayil ɗin. Farar takarda ce a ciki, da takardar sallamarsa daga masaƙa, da 'yar hular ulu ta Mahbub. Wata la'asar ta zagaya bayan rumbu ɗebo kara ta gan shi a tsugune, hular a fuskarsa, kafaɗunsa na motsi. Ta koma da baya, ta tsaya ta yi tari sau biyu don ya sami lokacin zama sakatare.

Ƙanwarta Yasmin, 'yar shekara huɗu, ta koma fitsarin kwance, ta fara cizon yaran maƙwabta. In tana wasa sai ta ɗauko totuwar masara biyu ta ajiye su baya da baya, ta sami tsakuwa tana tafiyar da ita daga wannan zuwa waccan.

Ranar da abin ya faru ruwan shuka ya sauka. Kamila na makaranta, gidan ba mai kai saƙo. Malam Dalhatu ya shigo da shugaban kwamiti, Alhaji Dabo, ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya leƙa cikin gida ya yi gyaran murya don a kawo abinci. Shiru. Ya sake yi. Shiru. Ya tsaya a tsakar gida ya gaya wa iska cewa akwai baƙo. Iska ba ta girka komai ba. Alhaji Dabo ya jira har cikinsa ya yi ƙara, ya tashi yana kakkaɓe riga yana dariya.

"Sakatare, ko dai daga nan za mu fara sulhun?"

Da Kamila ta dawo, tun daga zaure ta ga fuskar babanta ta san akwai magana. Ya miƙo mata takarda. Ya sa lamba a sama, ya sa kwanan watan Musulunci da na Turawa, ya ja layi da rula, a ƙasa ya buga hatimin nan mai hannaye biyu suna musabaha. A tsakiya layi ɗaya ne: shi Dalhatu Gambo ya saki matarsa Zubaidatu saki ɗaya.

"Kai mata ki karanta mata," ya ce, bai dube ta ba. "Ki ce a ɗakinta za ta yi idda, haka Shari'a ta ce. Ba irin na jahilai ba da ake kwashe kwanuka a ranar."

A taku na biyar, daidai randa, Kamila ta tsaya. Ta san yadda ake yi. Da aka saki Sa'a ta gidan da ke bayansu, kafin a mai da auren, yaranta ƙauyen ubansu aka kai su, ƙaramin yana ihu har aka sha kwana. Ta kuma ji Baba da kunnenta yana cewa 'ya'ya na uba ne, in ta kama Kutama za su koma wurin yayansa. Inna kuma Garo za a mai da ita, can ƙasar Kabo. Wa zai riƙe mata kwano a can? Wa ya san sai an ce "ƙara ɗaya" sau bakwai?

Ta ninke takardar ta cusa a ƙugu, ta ƙarasa taku huɗun.

"Inna, Baba ya ce Allah ya ƙara sauƙi."

Inna ba ta juyo ba. Can ta ce, "Amin."

Taku tara.

"Kin karanta mata?"

"E."

"Me ta ce?"

"Ta ce amin."

Murfin biron da Malam Dalhatu yake ƙoƙarin mayarwa ya ƙi shiga. "Ba ta yi kuka ba?"

"A'a."

"To. Gud." Ya tashi ya je gaban kalandar da ke bango, ya ƙirga wata uku, ya zagaye ranar da jan biro.

Kamila tana zuwa Islamiyya, kuma tana sauraro, saɓanin mutane da yawa. Ta san saki ɗaya yana gyaruwa. In miji ya ce ya mai da matarsa kafin idda ta cika, shi ke nan, kamar ba a yi ba. Watau tana da daga yau zuwa jan da'irar nan ta sa Baba ya faɗi kalma uku. In ya faɗa, Inna ba za ta taɓa sani ba. Ta ɓoye takardar a cikin bangon littafin lissafinta, ƙarƙashin takardar simintin da ta naɗe shi da ita, ta fara aiki.

Ta koyi ƙosai. Na farko ya ƙone, na biyu ya sha mai, na uku ta kai masa a kwano mai murfi ta ce Inna ce ta tashi ta soya. Ta ɗauko sauran turaren wutan Inna ta turara masa kaftani. Kullum safe ta kai gaisuwar da ba a aiko ba: Inna ta ce ina kwana, Inna ta ce a dawo lafiya, Inna ta ce kada ruwa ya dake ka. Yana karɓa da "uhm", amma ta lura ya fara jinkiri a bakin ƙofa har sai saƙon ya iso.

Matsalar ita ce bakinsa. Ga shi ya sami abin wa'azi. A zaure tana jin sa yana gaya wa masu fakewa ruwa, "Mu ba magana kawai muke ba, furaktikal muke yi. Yanzu haka iyalina tana ɗakinta tana idda. Ba hayaniya, ba kwashe kaya, har ƙosai ake soya min. Wannan shi ne bambancin gidan ilimi." Alhaji Dabo ya ce a rubuta a rajista. Kafin sati biyu unguwa duk ta san Zubaidatu na idda, ban da Zubaidatu.

Sai aikin Kamila ya ƙaru da gadi. Duk macen da ta yi sallama za ta shigo jaje, a soro take tare ta.

"Tana barci."

"Ke kullum barci?" in ji Sa'a, rannan da ta zo da kwanon kunu. "Matsa in gan ta, ni na san zafin abin nan."

"Ta ce kada a tashe ta. Kawo kunun."

"Oho, 'yar sakatare an zama mai gadi. Allah ya shirya."

Kamila ta daina zuwa wasa, don kada wata ta shigo bayanta. A makaranta tana zaune amma kunnenta na gida. Wani lokaci da safe sai ta zagaya ta yi amai ta rufe da ƙasa. Ta sami wata ɗabi'a ta sa hannu ƙarƙashin hijabi tana tsige gashin gefen kanta ɗaya-ɗaya, ba ta ma san tana yi ba sai ta ga gashi a yatsunta. Daga ta uku a aji ta koma ta ashirin da shida. Malama Badi'a ta tsai da ita bayan an tashi.

"Kamila, lafiya kuwa a gida?"

"Lafiya lau, Malama."

"To me ya sa kike rungume littafin lissafi kamar jariri, ga shi ba ki cin lissafin?"

Kamila ta ƙara ƙanƙame shi ta ce ba komai.

Da gero ya fara fitar da kai, wata biyu sun wuce, ta ga ƙosai ba zai isa ba. Ta je ta tsaya a ƙofarsa.

"Baba, Inna ta ce wai ko za ka mai da ita."

Fuskarsa ta yi wani haske da ta manta yana da shi. Ya tashi zaune, har ya laluba takalmi da ƙafa. Sai ya tuna shi wane ne. Ya koma ya jingina.

"Akwai tsari. Ce mata ta zo da ƙafarta ta janye maganar da ta faɗa min a gaban mutane. In ta janye, za a duba."

Kamila ta yi taku taran tana juya maganar, ta rasa ta inda za ta cire ƙayar.

"Inna, Baba ya ce don Allah ki yafe masa. Wai ko za ki ɗan fito ku gaisa."

Inna ta juyo. Ta daɗe ba ta juyo ba. Idanunta sun faɗa, leɓenta ya bushe.

"Ce masa ya dawo min da ɗana."

Wannan saƙon Kamila ba ta kai ba, ba ta kuma sami abin da za ta sa a madadinsa ba. Ta ce masa Inna na tunani.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne Baba zai iya aika saƙo ba ta bakinta ba. Saura kwana shida jan da'ira ta cika, da hantsi, tana wankin zannuwan Yasmin, ta ji a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Sai ga sallamar Gwaggo Uwaliya, gwaggon Inna, wadda ta riƙe ta tun tana ƙarama har ta aurar da ita. Tsohuwa ce gajera mai baki kamar reza. Malam Dalhatu ya aika mata ta wurin wasu 'yan kasuwar Kabo cewa a zo a ɗauki Zubaidatu in lokaci ya yi, ita kuwa ba ta ga dalilin jiran lokaci ba.

Kamila ta tare ƙofa da hannu duk kumfa. "Gwaggo, sannu da zuwa, ya hanya, tana bar..."

"Lafiya lau, 'yar boko, ya karatu, ya babanki, kauce." Ta ture ta da sandarta ta shige.

Kamila ta bi ta. Gwaggo ta tsaya a kan Inna ta daɗe tana kallo, ta yi salati.

"Haka kika koma? Tashi, Zubaida. Tashi mu haɗa kaya. Wata uku kina idda a gidan mutum ko aike ba ki yi min ba, sai a bakin 'yan kasuwa zan ji?"

Inna ta yunƙura ta zauna. "Wace idda, Gwaggo?"

"Wace idda? Ta uwaki."

"Wa ya mutu?"

Gwaggo ta dube ta, ta dubi Kamila, ta leƙa tsakar gida ta ɗaga murya. "Dalhatu! A ce da Dalhatu ya shigo!"

Ya baro kwamiti a zaure ya shigo da sauri, ya cire takalmi, ya tsuguna daga bakin ƙofa. "Gwaggo, barkanku da zuwa. Kun zo lafiya? Ya mutanen gida? Ya damina?"

"Damina ta yi kyau. Ka saki ɗiyata ko ba ka sake ta ba?"

"Ai Gwaggo komai a rubuce yake. Na ba da takarda tun ranar, an karanta mata, ta ce amin."

"Wa ka ba?"

Ya juya ya dubi Kamila, Gwaggo ta juya, Inna ma ta juya. Kamila ta je ta ɗauko littafin lissafi, ta ɓare takardar simintin. Takardar ta yi laushi don yawan taɓawa, ninkin ya kusa rabewa. Gwaggo ta karɓa ta riƙe ta a juye, don ba ta karatun boko, ta ƙura wa hatimin ido.

"Wannan tambarin fa? Saniya ka sayar?"

"Hatimin ofis ne, Gwaggo."

"Ofis. To ke karanta mu ji."

Kamila ta buɗe baki. Kafin ta karanta harafi ɗaya sai ta durƙusa ta yi amai a bakin ƙofa, ruwa zalla, don ba ta ci komai ba. Gwaggo ta yar da sanda ta riƙe ta, ta zare mata hijabi don ta sha iska. Nan kowa ya gani. Gefen kanta na hagu, daga kunne zuwa sama, wuri kamar tafin hannu ba gashi ko ɗaya, fatar ta yi ja, wani wurin da ɓawon jini.

Yasmin ta zo ta tsaya da totuwar masara a hannu.

"Ni ce," Kamila ta ce, muryarta kamar ta mai mura. "Ban ba ta ba. Kutama za a kai mu. Ba mai ba ta abinci."

Malam Dalhatu ya ce, "Ƙosan fa?"

"Ni ce."

"Ina kwana, a dawo lafiya..."

"Ni ce, Baba."

"Da ta ce in mai da ita?"

Kamila ta sunkuyar da kai. Ya zame daga tsugune ya zauna daɓas a ƙasa, a kan kaftanin da ya goge da safe. Wata uku yana rayuwa a kan gaisuwar 'yar shekara sha biyu.

Inna ta ce a hankali, "Da aka ce ya ce in yafe masa?"

"Ni ce, Inna."

Gwaggo ta goge wa Kamila baki da gefen mayafinta. "To madalla. Gidan ilimi. Manya biyu sun kwanta, yarinya na ɗauke da aure a ka har gashi ya zube." Ta juya ga Malam Dalhatu. "Idda dai ba a kalanda ake ƙirga ta ba, amma bar shi a naka lissafin. Saura kwana nawa?"

"Shida."

"To ga ta nan, ko taku uku babu. In kana son matarka, faɗa mata."

Ya ɗago. Kamila ta ga yana so, wallahi ta gani. Leɓensa ya motsa, ya dubi Inna, idonsa ya kasa tsayawa, ya zame ya sauka a kan Kamila kamar yadda ya saba.

"Gaya mata cewa..."

Kamila ta toshe kunnuwanta da hannu biyu.

"Malam," in ji Inna. Wata goma rabon da ya ji wannan muryar ta nufo shi kai tsaye. "Bar shi. Yarinyar nan ta gaji." Ta dafa bango ta miƙe. "Gwaggo, ɗauko min akwatin."

Ya tashi yana kakkaɓe riga, sakatare ya dawo jikinsa. "Shi ke nan. Amma yara Kutama za su. Mace a wannan kondishan ba za ta iya..."

"Kamila."

Kamila ta sauke hannuwanta. Ta zaci Gwaggo ce. Amma Gwaggo ma Inna take kallo, baki a buɗe.

"Kamila," Inna ta sake cewa, sunan na fita da ƙyar kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. "Ɗauko kayanki da na Yasmin."

"Ban yarda ba," in ji Malam Dalhatu.

"Ba laifi," in ji Gwaggo, ta juya fuskarta saitin zaure ta ƙara murya yadda har mai a-kori-kura zai ji. "A kira mana malaman zaure su shigo! Su zo su ga kan yarinyar nan, su ga matar da ta yi idda ba ta sani ba, sannan su buɗe littafi su gaya mana wa ke riƙon 'ya mace in aure ya mutu!"

Malam Dalhatu ya san abin da littafi ya ce, shi da kansa ya sha karanta wa wasu a zauren nan cewa riƙo na uwa ne. Ya kuma san bakin Alhaji Dabo. Ya ɗaga hannu biyu.

"A yi a hankali, Gwaggo, don Allah." Ya rage murya. "Su je. Amma hutu ne. In an tambaya a ce hutu suka je."

"Hutu ne mana," in ji Gwaggo. "Wa ya fi su bukata?"

Kayan ba su da yawa. Da aka gama lodi, Inna ta shiga gaba, Gwaggo da yaran suka hau baya kan katifa. Malam Dalhatu ya tsaya a ƙofar zaure da fayil a hammata, yana gaya wa 'yan kwamiti cewa canjin iska likitoci suke ba da shawara. Kamila ta dube shi. Ba ta san wa zai ɗumama masa ruwa ba, ba ta san wa zai yi tari a bayan rumbu ba. Mota ta tashi, Kamila ta leƙo.

"Baba, akwai saƙo?"

Ya buɗe baki. Hayaƙin mota ya rufe shi, suka sha kwana.

A Garo Gwaggo ta ce jibi za ta kai Inna asibiti da kanta, wanda zai ce ta taɓu ya zo ya faɗa a gabanta. Ta shafa wa Kamila man kaɗanya a kai, ta ajiye mata kwanon dambu ta ce in ta rage ko loma sai ta ci sanda. Kamila ta ci rabi. Inna na zaune a gindin darbejiya, Yasmin ta yi barci a cinyarta.

Can Gwaggo ta ɗago daga bakin murhu ta ce, "Zubaida, a dama miki fura?"

Kafin ta rufe baki Kamila ta ajiye kwano ta miƙe, ta ruga wurin Inna.

"Inna, Gwaggo ta ce wai ko..."

"Na ji," in ji Inna. Ta ɗaga murya kaɗan. "Dama kaɗan, Gwaggo."

Kamila ta riga ta juya za ta kai amsa. Ta tsaya a tsakiyar gida, ba mai aikenta. Gwaggo ta ce ta zauna ta ƙarasa dambunta. Ta ce to. Ba ta zauna ba. Hannunta ya hau gefen kanta yana laluben gashi a cikin man kaɗanya, tana kallon ƙofa, tana ƙoƙarin ƙiyasta taku nawa ne daga nan zuwa Gwarzo.